Ƙwallon da Ta Bi Ƙarƙashin Igiya

Azare, 9 ga Maris, 1953

Zuwa ga ƙanena Mamman,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina sanar da kai na iso gida da raina, hulata ce dai ta kwana a Katagum.

Filin ƙwallonku ya ba ni sha'awa. Ban taɓa ganin filin da tsamiya ke tsaye a tsakiyarsa ba, 'yan wasa suna kauce mata kamar surukarsu. Gola kuma azara biyu ce da igiyar guga a sama, babu raga. Kallo na zo yi, kai ka shaida wa jama'a na karanta littafin dokokin wasa, aka rataya mini usur. To, na yi alƙalanci, an tashi babu ci tsakaninku da Azare, an raka ni mota da hoge. A nemo mini hulata.

Naka,
Babayo

Katagum, 12 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Ka bar zancen hula.

Gari duka ya ga ƙwallon da Talha ya buga ta bi ƙarƙashin igiya. Kai kaɗai ka ce ba ka gani ba. Tun da aka yaye shi ka ba ni riƙonsa saboda ɗan farinka ne, bai taɓa tambayar dalili ba. Da ya ji za ka zo, takalmi ya aro. Yanzu a kasuwa ana nuna shi, wai ga wanda ubansa ya ƙaryata a bainar jama'a.

Ya ɗaure kayansa, motar Laraba zai bi ya tafi Zariya shiga soja. Ya ce da ni, "Baffa, in ban ci ba ya faɗa. In kuwa bai gani ba, me yake kallo?"

Ni ma ina son sani. Ka huta lafiya.

Mamman

Azare, 14 ga Maris

Mamman,

Gaisuwa. Ƙasa nake kallo.

Duk sanda yaron ya karɓi ƙwallo, dattawan da ke bakin fili sai su bar wasa su dubi fuskata, su ga ko Bafulatani ya zubar da kunya. Baturen da ya rubuta dokokin ya hango iska da ruwan sama, bai hango uba da ɗan farinsa ba. Ihu na ji, na ɗaga kai, ƙwallo tana cikin garken awakin wani. Abin da idona bai gani ba, ta yaya zan busa masa usur?

Ka hana shi hawa motar nan. Na ji ranar Asabar mai zuwa 'yan Giade za su zo muku wasa. Zan zo, ban da usur. A jikin azara zan tsaya, dattawa su kalle ni har su ƙoshi.

Wassalam,
Babayo

Katagum, 18 ga Maris

Yaya,

Muna gaisuwa. Na karanta masa. Motar Laraba ta tashi babu shi.

Ya ce in gaya maka gefen hagu yake bugawa, kada ka rasa inda za ka duba. Kayansa dai har yanzu a ɗaure suke, kuma akwai wata mota ranar Lahadi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mamman