Cincilar Veronica a Ɗakin Baba

Kwaciri, Fagge.

Zuwa ga Yaya Maje,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Huseina da yara.

Jikin Baba dai da sauƙi ba sauƙi. Likita ya ce in ruwa ya ci gaba da taɓa mikin ciwon sugan nan na ƙafafunsa, sai an yanke ta dama. Liman ma ya ce ya riƙa taimama. Ka san mahaifinka. Ya ce shi ya karantar da liman babin, amma zuciyarsa ba ta yarda ya tsaya gaban Ubangiji da ƙura ba. Da na juya baya sai ya kwance bandeji ya jawo buta. Wallahi tsoro nake ji.

Ga kuma baƙuwa na yi. Ƙawata Veronica ta Sabon Gari ta tafi garinsu biki, ta bar min amanar wata dabba, wai ita cincila. Kunnen zomo, jelar kurege, gashinta kuwa in ka shafa sai ka rantse ba ka taɓa komai ba. Busasshiyar ciyawa take ci, a zaune, ta riƙe da hannu biyu kamar mutum. Zafi kashe ta yake, don haka na ajiye kejinta jikin randa a ɗakin Baba, inda ya fi sanyi. Ya ce na kawo masa gafiyar Turawa.

Ka kira shi ka yi masa magana, ko zai ji taka.

Ƙanwarka,
Raudha.

Zuwa ga Yaya Maje,

Ina gaishe ku, ya gida ya aiki? Zauna ka sha labari.

Shekaranjiya Baba ya ga gashin cincilar ya yi maiƙo, ya ce in kawo ruwa a wanke ta. Na gaya masa Veronica ta ja min kunne: gashin ya yi kaurin da ba ya bushewa, in ta jiƙe ruɓewa fatar za ta yi. Na ɗauko garin ƙasar da Veronica ta bar mata na wanka, na zuba a kwano.

Yaya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta faɗa ciki ta yi ta birgima, ta tona, ta sake juyawa, ta fito ta karkaɗe jiki. Tas da ita, har sheƙi take. Baba ya sa yatsa a gashinta, ya duba yatsan, sai ya shiga tasbihi.

Da aka kira la'asar na miƙe in ɓoye buta kamar kullum. Sai ya ce: "Bar ta. Wanda ya wanke wannan da ƙasa ba zai ƙi ni ba." Ya sa na ɗebo masa ƙasa mai tsarki a faranti, ya buga tafukansa. Na fita tsakar gida na yi kukana.

Yau da safe na canja bandeji, na tarar da shi a bushe, ɗaurin da na yi jiya ko motsi bai yi ba.

A gaida kowa da kowa.

Taka har kullum,
Raudha.