In ƙara wa motar ƙarfi, ko in bar ta da rauninta?

Daga Admin: wani ɗan'uwa ne ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, masu ilimin mota da iyaye duka ina roƙon ku sa baki. Na ce a sakaya sunana, ko da yake duk mazaunin Yelwan Yauri zai gane ni nan da nan, tunda motar da zan yi magana a kanta ita kaɗai ce irinta a garin.

Ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyar na yamma, a wani fili kusa da bakin ruwa, aka yi wasan mota na bikin ɗan kawunmu. Ina wurin a tsaye, ƙanena wanda zan kira Auta shi ke cikin motata, abokan ango sun yi da'ira, mata sun cika gefe, masu talla suna ratsawa. Auta ya shiga tsakiya yana wulwula motar, yashi na tashi, ana ihu. Ana cikin haka wata mata mai tallar soyayyen kifi, da goyo a bayanta, ta ratso filin domin wani ya yafuto ta daga ɗaya gefen. Bayan motar ya shato ya bugi farantin da ta riƙe a kwankwasonta, kifi ya watse, ita kuma ta zauna daɓas a ƙasa. Faranti kawai ya samu. Goyon ko farkawa bai yi ba. Jama'a suka ɗauki tafi da guɗa, a zatonsu gwaninta ce, Auta ya auna ne.

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo. Na karanta labarin haɗari ba adadi, na san yadda ake jera jimlar, a fara da wuri, a faɗi lokaci, sannan yawan waɗanda suka rasu. A tsaye a filin nan na ji kaina yana jera ta da kansa, har da sunan unguwarmu a ciki. 

Ga yadda motar take, domin a gane inda tsorona yake. Motar tsere ce ta Japan, ƙarama, na saye ta tokumbo. Injinta ba irin wanda aka sani ba ne, babu fistan a ciki, rotari ake ce masa. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Yana shan baƙin mai tare da fetur, haka aka ƙera shi, shi ya sa nake sayen man injin jirgi wurin masu jiragen bakin ruwa ina zuba kaɗan a tanki, har mutane suka raɗa mata suna jirgin tudu. Idan ta hau gudu ba ta da tsara, amma wajen tashi tana da nawa, sai injin ya ɗauki juyi sosai ƙarfinta ke fitowa. Wannan raunin ne ya dame ni. A wani biki bara, wani yaro daga Kontagora ya zo da ƙatuwar motar Jamus, ya saurari tawa ya ce injin markaɗen wa aka sa wa taya. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Na yi odar sufacaja, wato na'urar da ake ɗaura wa inji da bel, tana tura masa iska da ƙarfi, sai mota ta riƙa zabura tun daga tashi. Ta iso, tana cikin kwalinta a ɗakina. Bakaniken da ya san irin wannan inji a Kaduna yake, mun yi da shi zai zo ƙarshen makon nan ya ɗaura.

Tun ranar Asabar nake maimaita abin a kaina, kuma ba na jin na yi kuskure a lissafin. A daidai lokacin da matar ta shigo, Auta ya ɗan saki totur ya sake takawa, motar ta yi nawar nan tata kafin ta amsa. Wannan ɗan jinkirin, wanda bai kai ƙiftawar ido biyu ba, shi ne ya bar matar ta ƙara taku ɗaya. Abin da na sayi sufacaja domin in kawar ke nan. Da tana jikin motar, tayoyin baya za su ƙwace nan take, kuma ba faranti za su samu ba.

Washegari na nemi matar a kasuwar kifi. Na same ta ta koma suyarta. Tana ganina ta fara ba ni haƙuri, wai ita ce ta shiga filin masu wasa, a yafe mata. 

Za ku ce to in hana Auta motar mana. A nan matsalar take. A wajenmu ba a hana aron abin hawa ranar biki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, jirgin ruwa ɗaya gare shi, da shi yake ci da mu, amma duk ranar da za a kai amarya tsallake zai sauke komarsa ya miƙa jirgin, ko tambaya ba ya yi. A haka muka tashi. Tun da na sayi motar nan, babu bikin dangi ko na maƙwabta da ba ta je ba, kuma Auta ne direbanta. Saboda haka duk ƙarfin da na ƙara mata, a hannunsa na sa shi, a tsakiyar taron mutane. Ga shi kuma bikinsa shi kansa bayan Sallah ne. Shi ya je tasha ya karɓo kwalin, kuma kafin ya iso gida rabin garin ya ji cewa ranar bikinsa jirgin tudu zai tashi sama. Har 'yan Shanga da na Wara sun ce suna zuwa kallo, yaron Kontagora ma an aika masa.

Na zaunar da shi na yi masa bayanin jinkirin nan dalla-dalla. Ya saurare ni har ƙarshe, domin ba ya katse ni, sannan ya yi dariya ya ce ai ya ga matar tun daga nesa, farantin ya nufa. Na ce ya rantse, ya ƙi. Ya ce, "Yaya, kai fa karanta labarai kake yi, mu ne muke yin su." Da ya ga ban yi dariya ba, ya ce ba komai, in na fasa ɗaurawa ba zai shiga fili da injin markaɗe a ranar bikinsa ba, zai karɓi motar wani abokinsa. Na san motar. Babba ce, tayoyinta sun suɗe, birkinta sai an taka sau biyu yake kamawa, kuma Auta bai san halinta ba kamar yadda ya san tawa. Ba barazana yake yi mini ba, abin da zai yi ne ya faɗa.

Na kai maganar wurin Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa goyon bayana a gaban kowa, wannan kunya ce ta iyayenmu kuma ban taɓa jin haushinta ba sai wannan karon. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "A hwaɗa ma mai motag ga, tun da munka tashi ba mu ji an hana ƙane abin hawa ran bikinai ba. In ya gaji da zumunci ya hwaɗi." Na ce Inna, rai ake magana. Ta ce rai na Allah ne, ta ci gaba da tsintarta.

Na kira bakaniken na gaya masa komai. Ya ce shi abin da ya sani, injin rotari ba ya yafiya, da zafin Yauri da fetur ɗin 'yan bumburutu, idan aka matsa masa iska ba a saita shi daidai ba, zai iya fashewa daga ciki rana ɗaya. Ya ce zai iya rage ƙarfin turawar, amma ko an rage, nawar nan ta tashi ta tafi ke nan, domin aikin na'urar ke nan. Wallahi da ya ambaci fashewar inji sai na ji wani sanyi a raina, na kama kaina ina fatan hakan ta faru tun kafin Sallah. Motar da nake wankewa da hannuna.

Na yi tunanin sayar da ita. To wa zai saya? Masu wasan motar nan ne dai, na kwashe haɗarin daga filinmu na kai filin wasu. Na yi tunanin in ce ta lalace, amma ƙarya ce, kuma ƙarshenta motar abokin nan ce. Na yi tunanin in ɗaura, in sa sharaɗi a ja igiya a nisanta mutane, amma na halarci bukukuwan garin nan tun ina yaro, ban taɓa ganin igiyar da ta tsare mai talla ba.

Don haka nake tambayarku. In ɗaura sufacajar, ƙanena ya kasance cikin motar da ya sani mai birki mai kyau, amma wadda ba za ta sake ba kowa wannan taku ɗayan ba? Ko in fasa, in zuba ido ya shiga motar da na san ba ta tsayawa? Ko in rufe tawa gaba ɗaya, in zama na farko a gidanmu da ya hana, in ɗauki fushin Inna? Masu injin rotari, akwai hanyar da ake ɗaura ta a kashe ta ranar da aka ga dama? Iyaye, wa ake turawa ga uwa idan ɗan fari ba shi da bakin magana? Ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Ɗazu da safe na je wurin Inna in karɓi makullin motar na biyu, wanda na ba ta ajiya tun ranar da na saye ta. Ta ce tun ranar Lahadi ta ba Auta.