Wake a kan burodi

Talata bayan Isha'i, unguwar Moss Side, nan Turai

Kwana biyu kacal da zuwan Anti Bilki, yayar Abban Hanan, daga Amurka, amma ji nake kamar ta yi wata. Da safe na gasa burodi, na zuba waken gwangwani a kai, na haɗa shayi da madara. Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta ce, "Maman Hanan, wake da sassafe? Mu can sai fanke da ƙwai da nama, a ci har a rage." Shayin ma ture shi ta yi, wai ita da ƙanƙara take sha.

Na yi yaƙe na ce haka Turawan nan suke karyawa. Ba ƙarya na yi ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, tun da council, hukumar garin nan, ta rage ma'aikata ƙaninta ba shi da aiki. Ya roƙe ni kada danginsa su ji.

Ina juyowa na ga tana ɗaukar farantin hoto. Yanzu Hajiyarsu ta kira ni sau uku daga Kano, ban ɗauka ba. Ni za a ce ina barin ɗanta da yunwa, kuma gobe ma waken nan zan buɗe.