Tumatirin Farko Ya Tafi Hannun Malam Sale

Asabe, Ummi ta fara tafiya! Taku bakwai, da idona na ƙirga.

Af, ban ko gaishe ki ba. Assalamu alaikum, ƙanwata. Ya gwiwar taki? Ya Alhaji da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gwaram lafiya lau, alhamdulillahi.

Amma ji abin da jikar nan ta yi mini. Tun tana rarrafe take bi na lambun bayan gida, ina ban ruwa tana tuge mini alayyafo, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ai amaryata ce. Tumatirin da ya fara nuna na hana kowa taɓawa, na ce ita za ta tsinka ta ba angonta.

Ranar Juma'a kakanta na wajen uwa, Malam Sale, ya zo daga Birnin Kudu. Mutumin da sai wata-wata yake leƙo mu! Ta dafa zana ta miƙe, ta tsinke tumatirin. Na durƙusa na ware hannuwa. Sai ta wuce ni tana tangal-tangal, ta kai masa.

Ya ce, "Malam Habu, sai haƙuri, amarya ta zaɓi miji."

Na yi dariya, amma wallahi abin yana ci na. A gabana ya cinye, ko tayi babu.

Ki sa ta a addu'a, Allah ya raya mana ita. Ki gaishe da kowa. Tumatiri na biyu ya kusa nuna. Ku zo dukanku ku ga tafiyar amaryata, amma in kun iso Birnin Kudu, ku wuce shiru.

Yayanki,
Habu