Zuwa ga Malam Umaru, Wanda Ya Mayar da Mu Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Gaisuwa mai yawa da ladabi zuwa ga malamina, marigayi Malam Umaru, daga ɗalibinka Sani na Gwadangaji. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Na rubuta ta ne don waɗanda ba su riske ka ba su ji irin malamin da muka samu a kwalejin horar da malamai, zamanin da Birnin Kebbi take cikin Jihar Sakkwato.

Kai ka koya mana ilimin halayyar ɗan Adam. Mun shigo ajinka muna zaton za mu koyi gane zuciyar mutum daga kallon fuskarsa. Ka ce wannan aikin boka ne. Naka aikin shi ne ka koya mana yin tambaya, da rubuta yadda muka yi ta, da faɗin abin da muka samu ko bai yi mana daɗi ba.

A shekararmu ta ƙarshe ka ji labarin wata firamare a gefen Argungu. Hedimastan ya kai ƙara ofishin ilimi cewa 'ya'yan masunta da ke ajin ƙarshe ba sa riƙe karatu, a hana su jarrabawar shiga sakandare, su maimaita aji. Kowa ya san in aka yi haka iyaye za su janye su, su koma ruwa ke nan. Ka roƙi jami'in ilimi ya dakata, ɗalibanka za su je su duba.

Kafin mu tafi ka sa muka rubuta abin da kake zato: Turanci ne ke ɗaure musu baki, in an tambaye su da Hausa za su amsa. Ka daɗe kana faɗin haka a taron malamai, har an san ka da shi.

Aikin ba wuya. A karanta wa yaro gajeren labari, ya maimaita abin da ya riƙe, sau ɗaya da Turanci, sau ɗaya da Hausa. Ka raba mu gida biyu, aka raba mana yaran. Mu aka ba mu ofishin hedimasta. Sauran ba su samu ɗaki ba, suka shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro.

Da muka dawo aka haɗa sakamako, ya ƙi haɗuwa. Yaranmu sun kasa da Turanci, sun kasa da Hausa. Yaran ɗaya rukunin sun yi ta zuba da Hausa, da Turancin ma sun taɓuka. Muka fara musu, kowa yana cewa ɗayan ne bai iya aiki ba. Kai kuwa ka zauna bisa tebur kana juya takardunmu, sannan ka ce, "Ina kuka zauna da ɗiyan nan? Wa ke tsaye kusa?" Babu wanda ya rubuta wannan, don ba mu ɗauka yana cikin bincike ba. A nan muka tuna hedimasta ya wuni tsaye a bakin ƙofarmu, don girmama baƙi, kada yara su yi mana hayaniya.

Ka ce, "Mai karanta rahotonku bai je Argungu ba. Abin da ba ku rubuta ba, a wurinai bai faru ba."

Ka mayar da mu. Motar kwaleji ta lalace, ka samo mana a-kori-kura mai ɗaukar albasa, ka zauna a baya tare da mu. Yaran da muka gwada a ofis muka fito da su gindin itace, muka canza labari. Wata yarinya da ta yi mini shiru a karon farko, idonta a ƙasa, ranar nan ta kawo labarin kaf, har da abin da tsohuwar cikin labarin ta dafa.

Abin da ka yi washegari shi ne ban taɓa mantawa ba. Ka tsaya gaban aji ka ce zatonka bai tabbata ba, tsoro ya fi harshe nauyi a wannan makaranta. Wani a cikinmu ya ce a cire zaton daga rahoto, don kada a yi maka dariya. Ka ce, "Ku bar shi inda yake, ku rubuta ƙarƙashinai an gwada bai tsaya ba." Haka ka sa hannu.

Kuma ka hana mu zaƙewa. Mun so mu rubuta cewa 'ya'yan masunta sun fi kowa kai. Ka soke, ka ce makaranta guda muka je, a rani guda, kada mu faɗi abin da ya wuce nan. Yaran da suka kasa ko gindin itacen ma ka sa aka rubuta su.

Ba ka aika rahoton ofis ba sai da ka koma ka karanta wa hedimasta shi, ku biyu kaɗai. Ban san abin da kuka tattauna ba. Na dai san shi da kansa ya je ya janye ƙararsa, yaran suka zauna jarrabawa. Wasu sun ci, wasu ba su ci ba.

Malam, na yi shekaru ina koyar da darasinka bayanka. Na iya abin da ke cikin littafi, amma tsayuwa gaban ɗalibai in ce na yi kuskure, har na yi ritaya ba ta zo mini da sauƙi ba. Kai kuwa ka faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Ganina da kai na ƙarshe a gidanka na Nassarawa ne, kana kwance, ka rame ƙwarai. Na ce maka, Malam, ai ka ji sauƙi, ka fi makon jiya. Ka yi murmushi ka riƙe hannuna, ka ce, "Sani, da mi ka auna?" Muka yi dariya tare, ina ɓoye hawaye.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambaya kamar yadda ka sauƙaƙa wa ɗiyan mutane. Ya albarkaci bayanka, Ya haɗa mu a gidan Aljanna. Amin.

Ɗalibinka har gobe,
Sani