Idan Bai Biya Ba, Za Ki Kore Shi?

Daga: Malama Hilary Threlfall,
Lamba 6, Layin Dyer's Fold,
Calderwick.

Zuwa ga: Shugaban Sashen Tallafin Kuɗin Haya,
Ƙaramar Hukumar Calderwick.

Litinin, 5 ga Satumba, 2016.

Yallaɓai,

Game da: Hana Mista Desmond Ackroyd tallafin kuɗin haya har sau biyu, saboda mai gidan da yake haya yayarsa ce

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon a ba ni dama in gabatar da wannan ƙorafi a madadin Mista Desmond Ackroyd, da saninsa da izininsa. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, yanzu ina koya wa manya karatu a ɗakin karatu na gari ranakun Talata da Alhamis. Mista Ackroyd ɗalibina ne. Shekararsa hamsin da takwas, sana'arsa wanke tagogi. A watan Fabrairun bana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ciwon ya kashe masa hannun dama, ya kuma tafi da karatunsa, har sai da muka koma kan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Dalilin da ya sa ni ce nake rubutawa ke nan, ba shi ba.

Ga abubuwan da nake kuka da su:

1. Hayar gaskiya ce. Mista Ackroyd yana zaune a saman bene a Lamba 21, Titin Weavers Row. Ginin na yayarsa ne, Misis Maureen Sugden, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shi da sauran bashin banki a kai. Ita tana ƙasa, shi yana sama. Kowa da ƙofarsa ta waje, kowa da kicin ɗinsa, kowa da mitar wutarsa. Kafin shi wata ma'aikaciyar jinya ce a ɗakunan, wadda ba ta haɗa komai da su ba, kuma abin da take biya shi yake biya, ba ragin ko fam ɗaya. Shekara bakwai yana biya daga guminsa, da takardar yarjejeniya, ba tare da ya nemi sisin hukuma ba. Sai da ya kasa hawa tsani ya shigar da takardar neman tallafi, ranar 9 ga Mayu.

2. Ranar Talata 14 ga Yuni ofishinku ya turo jami'a ta duba gidan. Ina wurin, domin ni nake karanta masa takardu. Ba ni da ƙorafi a kan halinta, yarinya ce mai ladabi, har takalminta ta goge a bakin ƙofa. Misis Sugden ta hau sama da shayi da biskit, kamar yadda za ta yi wa duk baƙon da ya shigo. Ana cikin shan shayin jami'ar ta dube ta ta ce, “Idan ya kasa biya, za ki kore shi?” Misis Sugden ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta ce, “Des ɗin namu? Haba 'yar nan, ki dube shi fa. Ni na raine shi tun yana fitsarin kwance. In kore shi ya je ina?” Shi kuma ya ce, da bakinsa da bai gama dawowa daidai ba, “Kar ki yarda da ita, tun muna yara take neman hanyar rabuwa da ni.” Duk muka yi dariya, har da jami'ar. Sannan ta sunkuya ta yi rubutu. Ba wanda ya gaya wa Misis Sugden cewa wannan tambaya ita ce hukuncin.

3. Ranar 1 ga Yuli takardarku ta zo. An hana shi tallafin, bisa dalilin cewa tunda mai gida ta faɗa da bakinta ba za ta kore shi ba, to wannan ba hayar kasuwanci ba ce, zaman zumunci ne. Ba a ambaci shekara bakwai ɗin nan ko a layi ɗaya ba.

4. Ranar 12 ga Yuli Misis Sugden ta buga waya ofishinku. Wanda ya ɗauka bai faɗi sunansa ba. Ya shaida mata cewa ba abin da za a iya yi sai in akwai shaidar cewa tana ɗaukarsa kamar kowane ɗan haya, wato ta ba shi notis na tashi daga gidan a rubuce. Ta tambaye shi ko notis na gaske yake nufi. Ya ce ofishin ba ya karɓar na ƙarya.

Yallaɓai, a nan ina roƙon a yi mini haƙuri in ɗan tsawaita, domin abin da ya biyo baya ba ya cikin fayil ɗinku.

Misis Sugden ta kwana goma sha biyu tana jujjuya maganar. A lokacin banki ya riga ya fara aiko mata da takardun tuni, domin da kuɗin hayar nan take biyansu. Daga ƙarshe ta sa hannu a notis na wata biyu, wanda zai cika ranar 30 ga Satumba. Ta gaya mini daga baya cewa sau uku tana hawa matakalar don ta yi masa bayani, bakinta yana kasa buɗewa. Sai ta yi dabara irin ta wanda dabara ta ƙare masa. Ranar Lahadi 24 ga Yuli ta kai masa abincin rana kamar kullum, gasasshen nama da dankali, ta sa ambulan ɗin a ƙarƙashin faranti, ta sauko. A lissafinta ba zai iya karantawa ba, zai ajiye har Talata ya kawo mini, ita kuma ta tare ni a hanya ta roƙe ni in fahimtar da shi a hankali cewa takarda ce kawai don ofis.

Abin da ba ta sani ba shi ne karatunsa ya fara dawowa. Shi ya hana ni gaya mata. Yana so ranar zagayowar haihuwarta a watan Agusta ya miƙe a gaban 'ya'yanta ya karanta mata kati da kansa, don ta daina kiransa daƙiƙi. Saboda haka a ranar, shi kaɗai a teburinsa, ya buɗe ambulan ya bi layukan da yatsan hannun hagu. Wata huɗu ina jiran ranar da zai karanta shafi guda daga sama har ƙasa ba tare da na taimaka masa ba. Wannan ne shafin.

Da ya zo aji ranar Talata ya ajiye takardar a gabana ya ce, “Malama, duba mini ko na yi kuskure.” Na duba. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Na yi masa bayani, ita ma ta yi, har da kuka a bakin ƙofarsa. Amsarsa ɗaya ce: “Sa hannunta ne ko ba nata ba ne?” Tun daga ranar bai sake buɗe mata ƙofa ba. Tana ajiye farantin Lahadi a kan matakala, tana dawowa ta tarar da shi yadda ta bar shi.

5. An kai muku kwafin notis ɗin. Ranar 19 ga Agusta kuka amsa cewa hukuncinku yana nan, domin a ganinku an shirya notis ɗin ne tsakanin 'yan uwa don a samu tallafi. Wato ta yi abin da ofishinku ya ce ta yi, sai yin nata ya zama sabon laifi.

6. A cikin makon da kuka ba da wannan amsa, Sashen Marasa Matsuguni, wanda ke hawa na biyu a cikin gininku, ya duba takardar nan guda ya karɓe ta a matsayin ta gaske. Sun ce daga 30 ga Satumba za su ba shi gado a wani masauki a garin Brackenby, tafiyar bas biyu daga nan, nesa da asibitin da ake gasa masa hannu, kuma ba wanda ya sani a can. Sun kuma tabbatar mini cewa abin da hukuma za ta kashe a kansa a masaukin ya fi kuɗin hayar yayarsa. Na ce su hau hawa ɗaya zuwa ofishinku su gaya muku. Suka ce ba huruminsu ba ne.

7. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne notis ɗin da aka rubuta don shaida yanzu yana zama gaskiya. Banki ba ya jira. In kuɗin haya bai shigo ba, dole Misis Sugden ta sa baƙo a ɗakunan ƙanenta, in ba haka ba ta rasa ginin gaba ɗaya, su biyun su fita tare. Kuma na fahimci cewa in baƙon ya nemi tallafi, ofishinku zai biya masa ba tare da wata tambaya ba.

Yallaɓai, na san an kafa wannan ƙa'ida ne don a toshe hanyar masu damfara, kuma ba na ƙaryata cewa akwai su. Ba ni da lauya, ba ni da wani babba da zan kai wa kuka. Na je duk inda aka tura ni, na zauna a duk layin da aka nuna mini, ko'ina an karɓe ni da fara'a an sallame ni hannu wofi. Na yi shekara talatin da huɗu ina rubuta wa yara jarrabawa, kuma abu na farko da aka koya mini shi ne kada in yi tambayar da ba ta da amsa. An tambayi Misis Sugden ko za ta kori ƙanenta. Ta ce a'a, aka ce ta faɗi. Ta ce i, aka ce ta faɗi.

Saboda haka ina roƙo da ƙanƙan da kai:

a sake duba wannan shari'a kafin ranar 30 ga Satumba, kuma wanda zai duba ya karanta takardun shekara bakwai da na haɗo da wannan wasiƙa;

sashenku da na hawa na biyu su zauna su tsayar da magana ɗaya a kan notis ɗin, ko na gaske ne ko ba na gaske ba;

in kuma duk wannan ba zai yiwu ba, to a taimaka a rubuto wa Mista Ackroyd layi biyu kacal, a kan takarda mai tambarin hukuma, cewa ofishinku ne ya nemi yayarsa ta ba shi notis. Ni na faɗa bai yarda ba, ita ta faɗa bai yarda ba. Wataƙila in ya gani a rubuce ya buɗe mata ƙofa kafin ya tafi. Ina roƙon a yi amfani da gajerun kalmomi da manyan baƙaƙe. Da kansa zai karanta.

Ina mai jiran amsarku cikin ladabi da biyayya, tare da neman afuwa idan na faɗi abin da ya wuce matsayina.

Taku mai girmamawa,

Hilary Threlfall (Malama)
A madadin Desmond Ackroyd