'Yar Tsana a Ƙasan Baho

Litinin, 3 ga Satumba

Ina nan ɗakin yara na asibiti, ina koyon kwantar musu da hankali ta hanyar wasa. Masu jiran tiyata, masu tsoron allura, yanzu kuma ga waɗanda ambaliya ta kawo. Yaya har yau bai daina tsiya ba, wai an sha wahalar makaranta na fito da digirin wasan 'yar tsana. Dariya na yi, amma ta ciki na ciki.

Malamar da ke horar da mu ta ba ni yarinyar farko da zan riƙe ni kaɗai. Shekararta bakwai, ƙafa a ɗaure. Ma'aikatan jinya suna ce mata 'Yar Taga, don gadonta na jikin taga. Ruwa ya tafi da ƙaninta. Tun da aka kawo ta ba ta ce uffan ba, kakarta ke amsa mata.

Talata, 4 ga Satumba

Cikin kayan wasan duka, bahon ruwa ta nuna da 'yan tsana biyu, babba da ƙarama. Ƙaramar a huje take, tana shan ruwa ta nutse. Ta haɗa hannayensu, ta kaɗa ruwan da ƙarfi, ta saki ƙaramar. Ta ɗauko, ta sake. Ta kuma. Ban san lokacin da hannuna ya shiga ruwan ba. Na tsamo ta, har da washe baki, wai "Kin gani? An cece shi!"

Irin kallon da ta yi min. Sannan ta juya ta ba ni baya.

Laraba, 5 ga Satumba

Na ɓoye bahon a bayan kabad. Na kai mata fensir mai launi da ruwan kumfa na busawa. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Kakarta ta ce, "'Yar nan, jiya ko loma ba ta kai baki ba." Na ce ƙila maganin ne. Na san ba maganin ba ne.

Alhamis, 6 ga Satumba

Malama ta kira ni ofis. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Shayi ma ta zuba min.

"Wa kika ceta, ita ko kanki?"

Ta ce abin da yarinyar ta kasa faɗa da baki shi take faɗa da ruwa, ni kuma na toshe mata bakin. Darasin farko ke nan fa, a bi yaro cikin wasansa, kada a gyara masa ƙarshe. A jarrabawar darasin nan ni na fi kowa maki, har ina koya wa wasu. Ashe baki ne kawai.

Talata za a sallame su, su koma sansanin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Can babu mai zama da ita. In ta tafi da abin a cikinta, ni na jawo. Malama ta ce in ba zan iya ba in faɗa, ta karɓe ta. Na tashi na fita.

Asabar, 8 ga Satumba

Ban fito daga ɗaki ba. Yaya ya leƙo, wai ko 'yar tsana ce ta cije ni. Da ya ga fuskata, ya ja ƙofar a hankali.

Litinin, 10 ga Satumba

Na fito da bahon. Na ce mata, "Ranar nan na ɓata miki wasa, ki yi haƙuri. Yau ba zan taɓa ba." Ban taɓa jin nauyin ba wani haƙuri haka ba, yaro ko babba. Na zauna a ƙasa, na danne hannuwana da cinyata, don ban yarda da su ba.

An daɗe. Can ta jawo bahon. Ta kaɗa, ta saki. Ƙaramar ta yi ta fitar da kumfa har ta kwanta a ƙasa. Na zauna dai, ban kai hannu ba. Muka yi ta kallonta mu biyu.

Sai na ji murya, a shaƙe: "Hannuna ne ya gaji."

Kakarta ta toshe baki da mayafi. Maganganu goma suka taso min, duk masu daɗi, na haɗiye su. Na ce, "Kin riƙe shi har hannunki ya gaji." Ta gyaɗa kai. Sai kuka, irin wanda ke girgiza gado. Da ya lafa na ce mata ruwan nan ya fi ƙarfin hannun manya ma. Ban sani ba ko ta ji.

Ta ci rabin abincin rana.

Talata, 11 ga Satumba

Sun tafi. Ba zan ce ta warke ba, kuma kwanakin da na cinye mata ba za su dawo ba. Malama ba ta yaba min ba, ta dai ba kakar sunan wata mai irin aikinmu da ke leƙa sansanin.

Kafin a tura keken marasa lafiya da aka ɗora ta a kai, yarinyar ta tsamo ƙaramar da kanta, ta goge ta da bakin rigarta, ta miƙo min. "Anti, riƙe min shi."

'Yar tsanar tana nan kan tagata a asibiti, har yanzu ruwa na ɗiga daga hujin. Mai shara ta ce in kawo a liƙe da gam. Na ce a bar shi haka, akwai wani yaro a gadon ƙarshe da ya fara kallon bahon.